Sunan da ke Jikin Kofi

Ranar Talata da hantsi aka nemi kofin azurfa a gidan Hajiya Ummulkhairi da ke unguwar Hindawiyya a Makka, aka rasa. Kafin a kira azahar duk layin ya san wadda ta ɗauka, ko da yake ba a sami mutum ɗaya da ya gani da idonsa ba.

Kofin ɗan ƙarami ne, tafin hannu yana rufe shi. Surukin gidan ne ya zo da shi, wani Bajamushe da ya musulunta, ana ce masa Abdulrazak. Shi ne mijin Mujahida, 'yar farin Hajiya, wadda ta dawo Makka goyon ciki ta haifi ɗa namiji. Ranar Lahadi ya sa kofin a kabad ɗin gilashi na ɗakin baƙi, da nufin a fito da shi ranar suna, wato Alhamis.

Wadda layin ya yanke wa hukunci ita ce Ɗaso, mai aikin gidan. Daga Tasawa ta zo aikin hajji ta zauna, shekararta goma sha tara tana dafa musu abinci, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Hujja ɗaya aka riƙe a kanta. A ƙofar baya, inda aka jibge buhunan siminti saboda ginin da ake yi a sama, akwai sawun silifas ɗinta a cikin ƙura, ya fita ya dawo. Sa'ud, ƙanin Mujahida, shi ya gano sawun, shi kuma ya rantse cewa in kofin bai fito ba zuwa la'asar ɗin gobe, zai kira shurɗa. Kowa ya san abin da zuwan 'yan sanda yake nufi ga macen da ba ta da takarda. Ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, sai an tusa ƙeyarta gida, ta bar 'ya'yanta mata biyu da ta haifa a nan.

Mujahida ce ta ɗauki waya daga kan gadon jego ta kira Baba Kabo.

* * *

Kabo ya haura saba'in. A dajin Tanut ya tashi, yana bin sawun raƙuman da suka ɓata tun bai yi gemu ba. Da ya zo Makka sai ya koma bin na mutane. Shekara talatin, duk lokacin hajji yana Muzdalifa yana nemo tsofaffin alhazan da suka rabu da ayarinsu. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, garin kuma an shafe shi da kwalta da tayil, abin da yakan ce ya kashe masa sana'a. Amma har yau in abu ya ɓata a gidan Bahaushe, ba a kuma son hukuma ta ji, shi ake kira.

Ya tarar mata sun cika bakin ƙofar baya.

"Ai ba sai an wahalar da kai ba, Baba," in ji Maha, maƙwabciyar gidan. "Sawu ga shi nan. Kowa ya san silifas ɗin Ɗaso."

"Madalla, kun rage mini aiki," in ji shi. "Ku ɗan matsa mini daga haske."

Ya tsuguna da ƙyar. Ya daɗe yana kallon ƙurar bai taɓa ta ba. Akwai sawun takalman magina, ya tsufa. Akwai na takalmin namiji mai faɗi, ya shiga ya fita sau da yawa. Sai na silifas, fita ɗaya, dawowa ɗaya.

"Ku kira mini Ɗaso, ta zo da takalman nata a ƙafa."

Ta zo, doguwar mace busasshiya, idanunta sun kumbura. Ya nuna mata gefen da ƙurar take a shimfiɗe ba a taka ba, ya ce ta taka ta je ƙofa ta dawo. Ta yi. Ya sake tsugunawa.

Silifas ɗin ɗaya ne, har da tsagewar da ke gefen na hagu. Amma takun Ɗaso mai faɗi ne, dugaduganta suna nutsewa. Tsohon sawun kuwa gajere ne, nauyin duk yana gaba, baya bai ko kwanta sosai ba, kamar ƙafar ba ta cika takalmin ba. Ta dama kuma tana ɗan jan ƙasa.

"Takalminta ne," in ji Kabo. "Ƙafar ba tata ba ce."

Sa'ud, wanda ya jingina da bango yana latsa waya, ya yi dariya. "Ya Ammi," in ji shi, wato Baffa da Larabci, "ai mutum yana iya canza tafiya."

"Yana iyawa. Taku uku, huɗu. Wannan goma sha ɗaya ne fita, goma sha ɗaya dawowa."

"Ni dai la'asar ɗin gobe na sani. Halas."

Kabo ya miƙe da ƙyar. Ya san sawu bai isa ya wanke Ɗaso a idon layin ba. Kuma tun ranar haihuwa mata suke shiga gidan barka, rabinsu tsofaffi masu ciwon gwiwa, kowacce tana iya zura silifas ɗin da ta gani a gindin bene.

* * *

Ya sami Abdulrazak a ɗakin baƙi, zaune a gaban kabad ɗin da babu kofi. Dogon mutum ne mai jan gemu. Hausarsa ta Damagaram ce, can ya koye ta, shekara tara yana aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, can kuma ya musulunta.

"Mene ne a jikin kofin?" in ji Kabo.

"Sunana ne, Baba. Sunan da ubana ya raɗa mini. Hartmut."

"Sake faɗa."

"Hartmut. Sau uku aka zana shi, kowanne da shekararsa. Kakana, 1921. Ubana, 1949. Ni, 1983. A gidanmu in aka haifi ɗan fari namiji, da wannan kofin ake ba shi ruwan farko, sannan a ƙara layi. Ni zamzam na so in ba nawa a ciki."

"Sunan wani ne a addininku na da?"

Abdulrazak ya yi murmushin gajiya, irin na wanda ya sha amsa tambayar. "A'a. Sunan ya girmi zuwan coci ƙasarmu, kuma ba na abin bauta ba ne. Mutanenmu na da kalma biyu suke haɗawa su yi suna. Hart, abu mai ƙarfi, wanda ba ya karyewa. Mut, zuciya, ƙarfin hali. In ka haɗa, mai ƙarfin zuciya ke nan. Zamanin ubana, a aji ɗaya sai ka sami mutum biyu masu sunan. Yanzu ya zama sunan tsofaffi, ko ni ma dariya ake yi mini a makaranta. Na tambayi malamai tun a Damagaram, sun ce sunan da ma'anarsa take da kyau babu laifi a riƙe shi. Yaron Mukhtar za a sa masa. Wannan na biyu ne kawai, saboda ubana. Bara ya rasu."

"Mutanen gidan sun ji wannan bayanin?"

"Ranar Lahadi na yi shi a nan, kowa yana zaune." Ya ɗan yi tunani. "Ban da Hajiya. In na shigo ɗaki ita fita take yi. An ce mini haka ake yi."

"Haka ake yi," in ji Kabo.

"Baba, ni da farko na ce a kira 'yan sanda don su wanke Ɗaso. Sai matata ta yi mini bayani. Na ce wa Sa'ud a bar kofin, na haƙura. Ya ce gidan ubansa ne, ba nawa ba."

* * *

Sa'ud yana tsakar gida. A Makka aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausar sai ya ɗan nemo ta.

"Sawunka ya fita ta ƙofar baya sau shida," in ji Kabo.

Sa'ud ya sa wayar a aljihu. "Gidanmu ne, ya Ammi."

"Gidanku yana da ƙofar gaba. Kuma duk fitar a wuri ɗaya kake tsayawa, bayan tankin ruwa, ka daɗe. Kofin ba ka so, sunan ba ka so, kowa ya ji ka. In shurɗa suka zo, ni da kai zan fara nuna musu."

Saurayin ya waiwaya ya dubi tagar uwarsa, ya rage murya. "Sigari nake sha. Wallahi shi ke nan. Don Allah kada Ummi ta ji."

Kabo ya riga ya ga guntayen a bayan tankin. So yake ya ji ko zai yi ƙarya.

"Me sunan ya yi maka?"

"Hartamut? Yani, ka ji shi fa! Kamar an yar da tukunya a bene. Ɗan yayata a Makka, a ce Hartamut? Ni na ce musu ma sunan gunkinsu ne na da."

"Haka ne?"

"Wa ya sani? Wasa nake yi."

"Wa ka faɗa wa?"

"Kowa. A wurin cin abinci."

* * *

Ɗaso tana kicin tana tsince shinkafar suna, kamar babu abin da ya faru. A bayan ƙofa akwai ƙunshin kaya a ɗaure.

"Kin taɓa kofin?"

"Sau ɗaya, Baba. Alhaji Hartumu da kansa ya miƙo mini in goge. Na goge na ba shi."

"Ina kike barin silifas?"

"Gindin bene. Hajiya ba ta son a hau sama da takalmi."

"Sawun nan na jiya ne. Jiya da safe kina ina?"

"Kan soro, ina wankin jariri. Daga hantsi har kusan azahar. Ni kaɗai." Ta ci gaba da tsintar. "Ka ga babu mai shaidata."

Hajiya Ummulkhairi ta karɓe shi a ƙofar ɗakinta, tana kan kujera, ta miƙe ƙafar dama a kan matashi. Kabo ya san mijinta, tare suka yi aikin Muzdalifa kafin ya rasu. Suka daɗe suna gaisawa.

"Abin nan ya dame ni, Kabo," in ji ta. "Baƙonmu ya zo da kayan gadonsa, a ce a gidana ya ɓata."

"Kina zargin Ɗaso?"

"Ni ban ce ba. Yaran ne suke faɗa."

"Jiya da safe kin ji motsi?"

"Ina kwance, gwiwa ta hana ni sakat. Wannan ta sama tana barci da jaririnta, uban yaron ya tafi Harami." Ta gyara mayafi. "Amma ka duba Maha. Ranar Lahadi sau biyu ta ce a buɗe mata kabad ta gani."

Kabo ya duba Maha. Bai ko yi sallama ba. Takalmanta suna jere a bakin ƙofarta, ya tsaya ya dube su, ya juya. Ƙafar Maha ko rabinta ba za ta shiga silifas ɗin Ɗaso ba.

* * *

Laraba da sassafe ya bi lungun da ƙofar baya take fita. Lungun ya ƙare a bakin titi, inda masu tasi suke jira. A nan ƙasa ta daina magana, sai ya koma tambayar mutane. Direba na huɗu, Ma'aruf, ya tuna.

"Shekaranjiya da hantsi? Na ɗauki wata daga bakin lungun nan. Abaya, niƙabi, har safar hannu. Kasuwar Zahir ta ce, da Larabci. Ta ce in jira ta. Ba ta daɗe ba na dawo da ita."

"Tsohuwa ko yarinya?"

"Baba, ni ina tuƙi ina kallon matan mutane? Ta dai daɗe kafin ta shiga motar."

"Kai ni inda ka ajiye ta."

Layin maƙeran azurfa ne. Kabo ya shiga shago biyar. A na shida, wani dattijo ɗan Yaman ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da kofin a naɗe cikin ƙyalle. Rubutun yana nan, layi uku, da wasu haruffa masu ƙahonni.

"Cewa ta yi in kankare rubutun duka," in ji maƙerin da Larabci. "Ban taɓa shi ba. Na ce ta dawo Laraba da yamma. Niyyata in ta dawo in kira shurɗa, don wannan kayan sata ne."

"Me ya sa ka ce haka?"

"Na ce mata mene ne a rubuce. Ta ce suna ne. Na ce kin san sunan? Ta ce ta sani. Na ce to faɗa mini in rubuta a takardar ajiya. Ta ƙi. Na ce ya Hajja, kin ce kin sani. Ta ce in rubuta kofi kawai. Mai abu ba ya rasa sanin sunan da ke jikin abinsa."

"Da ta ƙi, yaya ta yi? Nuna mini."

Maƙerin ya yi mamakin tambayar, amma ya nuna. Ya kawar da fuska gefe, ya sunkuyar da kai, ya sa bayan hannu a baki.

"Haka. A kan niƙabi fa! Sai na gwada karantawa da kaina. Na ce Haritmat, ta girgiza kai. Na ce Hurtamit, ta girgiza kai. Na ce Hartmut, sai ta ƙara juya mini baya, ta ce, 'Shi.'"

Kabo ya gyaɗa kai. Ya ga wannan kawar da fuskar sau dubu, tun yana yaro a Tanut.

"Ta san sunan," in ji shi. "Kada ka kira kowa. Kafin magariba mai kofin zai zo da fasfonsa, sunan yana ciki."

A mota Ma'aruf ya yi ta jan Kabo da hira, amma hankalinsa ba ya nan. Yana tuna mijin Hajiya, da ruwan da suka sha a gora ɗaya a Muzdalifa.

* * *

Saura rabin awa la'asar ya tara su a ɗakin baƙi. Abdulrazak da Sa'ud suna kan kujeru. Mujahida ta sauko da jaririn a kafaɗa. Maha ta zo ba a kira ta ba. Ɗaso ta tsaya a jikin bango. Hajiya ta sa an ajiye mata kujera a bakin ƙofa, ta zauna ta ba ɗakin gefe saboda surukinta yana ciki.

"Na ga kofin," in ji Kabo. "Yana Zahir, lafiyarsa ƙalau. Kafin in ci gaba, akwai mai magana?"

Babu wanda ya motsa. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To. Abu ɗaya nake so. Kowa ya faɗa mini sunan da ke jikin kofin. Sa'ud."

"Wannan kuma wane irin bincike ne? Hartamut."

"Maha."

"Har... Hartumutu. Oho, haka dai."

"Ɗaso."

"Hartumu."

"Mujahida."

"Hartmut," in ji ta. A Jamus ta yi karatu, can suka haɗu, sunan bai taɓa yi mata nauyi ba.

"Hajiya."

Hajiya ta kawar da fuska gefe, ta sunkuyar da kai, bayan hannunta ya tafi baki.

"Kai, Kabo! Ka san ba na faɗa. Sunan suruki?"

"Na sani, Hajiya," in ji shi a hankali. "Maƙerin Zahir ne bai sani ba."

Hannun ya tsaya a bakinta. Sa'ud ya dubi Kabo, ya dubi uwarsa.

"Me kake nufi, ya Ammi?"

"Wadda ta kai kofin ta san sunan, har tana gyara wa maƙeri karatu, amma ta kasa furta shi ko da za a ce mata ɓarauniya. Ɓarawo ba ya jin kunyar suna. Duk gidan nan kowa yana faɗarsa, har da masu yi masa ba'a. Mutum ɗaya ce ba za ta iya ba. Ƙafarta ƙarama ce, kuma ta dama tana ciwo."

"Ummi?" in ji Mujahida.

Da Hajiya ta yi magana, bango ta fuskanta.

"Ba sata na yi ba. Goge shi za a yi in dawo da shi. Wannan ya ce sunan gunki ne." Ta nuna Sa'ud da haɓa. "Jikana na fari, a garin nan, ana ganin hasumiyar Harami daga soron gidana, a ba shi ruwa a kofin gunki? Na kwana ban runtsa ba."

"Ummi, wasa nake yi!"

"Me ya hana ki tambaya?" in ji Mujahida.

"In tambayi wa? In zauna gaban suruki in ce mene ne sunanka? Ke kuma in na yi magana sai ki ce ban waye ba."

Abdulrazak ya tashi daga kujera ya zauna a ƙasa. Bai dube ta ba, shi ma ya koyi wannan. Ya fuskanci kabad, ya maimaita abin da ya faɗa wa Kabo: kalma biyu, ƙarfi da zuciya, sunan kakansa da ubansa, ba na abin bauta ba, kuma zamzam ya yi niyyar zubawa.

"Mai ƙarfin zuciya," in ji Hajiya. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"Inna lillahi." Ta rufe fuska da mayafi.

Maha ta fara zamewa wajen ƙofa, labari yana cin ta. Sa'ud ya tare ta da hannu. Ɗakin ya cika da magana, kowa yana ba Hajiya haƙuri, ana cewa kuskure ne, ai niyya ce mai kyau, Allah ya rufa asiri tun da kofin bai lalace ba. Kabo kuwa Ɗaso yake kallo. Ba ta bar jikin bangon ba.

"Hajiya," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, amma aka yi shiru. "Jiya na kai 'ya'yana gidan wata a Zahir. Na ce musu in ba su gan ni ba kada su zo nema, kada a haɗa da su."

"Ɗaso, ki yafe mini. Silifas ɗin su na gani a gindin bene, ban yi tunani ba. Wallahi da ban bari an tafi da ke ba. Da na faɗa."

"Yaushe?"

Hajiya ta buɗe baki.

"Baba ya tambaya ko akwai mai magana," in ji Ɗaso. "Ina kallonki."

Daga masallacin layin aka fara kiran la'asar. Babu wanda ya tashi sai Ɗaso, ta koma kicin.

* * *

Ranar Alhamis aka raɗa wa yaro Mukhtar Hartmut. Ubansa ya ɗiga masa zamzam daga kofin. Ɗaso ce ta dafa abincin sunan gaba ɗaya, har mutane suna santi. Ta wanke tukwane, ta kife su, ta hau sama ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a. Juma'a da safe ba ta zo ba, ƙunshin kayanta ma babu.

Bayan mako biyu Hajiya ta aika aka kira Kabo. Ta rame. Ta ce an je ɗakin da Ɗaso take haya an tarar ta tashi, wayarta ba ta shiga, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce bai sani ba.

"Ka nemo mini ita, Kabo. Kai ba a ɓace maka."

Kabo ya san gidan da take aiki yanzu, ya san har launin ƙofar. Ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Hajiya, wanda ya ɓata nake nema," in ji shi. "Ɗaso ba ta ɓata ba."